Tsakanin Ghali da Yaron Gidan Nan

Shifa, Riyad
Watan Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Maimunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar Kawu? Na ji an ce ya ajiye maganin asibiti ya koma wa jiƙe-jiƙensa. Ki lallaɓa shi, mahaifinki ne, kin kuma san inda kika gado taurin kai. Mu nan lafiya lau, sai uwargida Khairiyya da hawan jini ke taɓawa, shi ma da sauƙi. Zafi ya fara sakinmu.

Tunda kin ce saƙon murya tonon asiri ne, duk gida ke ji, ga shi na rubuta da hannu na ɗauki hotonsa na turo. In rubutun ya gagare ki, ki nemi tabarau, tsufa ne.

Ɗanki Ghali yana nan ƙalau. Malamansa na jami'a suna yabon Larabcinsa, duk Alhamis kuma yana zuwa gida ya share mana tukunya. Wani labari nasa ne ya sa na ɗauki biro.

Kin san aikina a rukunin gidajen Turawan kamfani, ni ke kula da filin wasa, ban ruwa da yankan ciyawa da jan layi. Yawancinsu mutanen Ostareliya ne, injiniyoyi da ma'aikatan jinya, kuma suna da ƙwallonsu daban da namu. Siffar gwanda gare shi, ana harbinsa da ƙafa, a cafe da hannu, a doke shi da dunƙule. In za a fara wasa, alƙali yakan tsaya tsakiyar fili ya cilla ƙwallon sama, dogaye biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su taso su yi tsalle, kowa na son ya riga taɓa shi ya tura wa gajerun 'yan ɓangarensa da ke jira a ƙasa. Wannan dogon shi suke ce wa rak. Da yake kullum ina filin, tun shekarun baya suka mai da ni mai cilla musu ƙwallo a atisaye, har ta kai ba a farawa sai na iso.

Bara na tafi da Ghali ya taya ni jan tiyo, kocinsu ya hango shi ya bar abin da yake yi. Bature ne, amma Abu Lina kowa ke ce masa, yadda ake yi a ƙasar nan. Nan take ya sa shi cikin matasa. Maimunatu, yaron nan kamar don wasan aka yi shi. In ya miƙa hannu sai ya taɓa fankar falonmu ba tare da ɗage ba, kuma daga tsaye yake tashi, ba ya buƙatar gudu. Aibinsa ladabi ya yi masa yawa, in ya bangaje mutum sai ya tsaya ba shi haƙuri, ƙwallo na tafiya. Yakan kuma gaji da wuri, amma wannan na ɗora wa tuwon gidanku.

To, yanzu rak ɗin manya gwiwarsa ta lalace, zai koma ƙasarsu, ga kuma gasa a Dubai cikin Fabrairu. Mutum ɗaya za a ɗauko daga matasa ya maye gurbinsa. An tace an tace, saura biyu, Ghali da yaron gidan nan. Abu Lina ya ce tunda na fi kowa cilla musu ƙwallo, zai so ya ji ta bakina kafin ya yanke.

Ki sa shi a addu'a. Khairiyya na gaishe ki, ta ce daddawar da kika aiko ta ƙare.

Wanda ba bawanki ba ne,
Abdulwahid


Funtuwa
Watan Nuwamba

Zuwa ga bawana Audu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma karanta ba tabarau, duk da rubutun ya yi kama da sawun kaza. Muna lafiya. Ƙafar Baba da sauƙi, ya koma wa maganin asibiti bayan da jiƙon ya hana shi zama wuri ɗaya yini guda. Ka ce wa Khairiyya ta rage gishiri, daddawa kuma tana hanya da masu Umara.

Wato na aika yaro ya karanto Larabci da fiƙihu, kai kuma ka mai da mini shi ɗan akuya mai tsalle a gaban Turawa. Allah ya shirye ka. Malam da ya ji sai ya tambaya ko wasan na cin lokacin salla, na ce ai kana wurin. Ya ce abin da ke damunsa ke nan.

Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Hoton da Ghali ya turo, yana sama kamar an rataye shi, babu matar da ban nuna wa ba a layinmu. Zouera maƙwabciyata har ta ce a tambaya mata ko yana da budurwa. Ni dai abin da nake roƙo, yaron nan amana ne a hannunka. Ka kula mini da haƙoransa da gwiwoyinsa, don na ga wani a hoton bakinsa da giɓi, ga wanda za a maye gurbinsa ka ce gurgu zai koma gida.

Sai abu ɗaya. Ka cika shafi biyu, ka auna mini hannun Ghali da fanka, ka gaya mini ladabinsa da gajiyarsa, amma Ridwan bai samu ko layi guda ba. Na sani, ɗan fari ne, ban ce ka kama sunansa ba. Ni ma tawa ta farin har yau ban taɓa kiran sunanta ba, ga ta da 'ya'ya a gabanta. Amma ni gwaggonsa ce, ina da ikon tambaya. Yaya nasa wasan? Rabona da shi tun yana yaro da kuka zo bikin Alheri, yana mini Larabci ina masa Hausa muna ta dariya. Ka ce ya riƙa kirana, ko da gwarancin ne zan gane.

Ka gai da kowa. Malam na gaishe ka, ya ce ka ji tsoron Allah da 'ya'yan mutane.

Uwargijiyarka,
Maimunatu


Shifa, Riyad
Ƙarshen Nuwamba

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, Kawu kuma na ci gaba da samun sauƙi. Daddawa ta iso, Khairiyya na godiya. Sanyi ya shigo, da safe sai da rigar sanyi nake ban ruwa.

Albishirinki. An ɗauki Ghali, shi zai tsaya wa manya a Dubai.

Ga yadda aka yi. Ranar Juma'a da safe aka yi wasan gwaji, aka raba su, kowa da ɓangarensa, ni ke cillawa. Da aka tashi kowa ya zauna kan ciyawa ana shan ruwa, manya da matasa, har da matan Turawan da 'ya'yansu. Ni na ɗauka a gefe Abu Lina zai kira ni. Sai kawai ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce to, Abdul, wa ka gani?

Na tuna maganarki ta amana. Na faɗi tsawon Ghali, da tsallensa, da hankalinsa, na ce a iya sanina bai taɓa fashin atisaye ba sai ranar jarrabawa. Ban ƙara komai ba, duk gaskiya ne. Na tsaya nan ina jiran a wuce wurin. Sai Baturen nan ya yi murmushi ya nuna yaron gidan nan ya ce, shi fa?

Ke kin san yadda aka tashe mu. Mutum ya tsaya a bainar jama'a ya yabi ɗansa na fari, ga ɗan 'yar'uwarsa da aka ba shi riƙo zaune a gefe? Da ƙasa ta tsage na shige. Na yi abin da Baba zai yi in shi aka tambaya a kaina. Na yi dariya na kaɗa hannu na ce da Larabcin da kowa ke ji a wurin, “Wannan? Ma fi fa'ida. Barci da cin shinkafar kabsa kawai ya iya.” Ma fi fa'ida a Larabcinsu, ba shi da amfani ke nan.

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, sai kuma suka daina. Abu Lina ya dube ni ya daɗe, ya ce na tabbata? Na ce ai ni na haife shi. Ya sauke hannunsa daga kafaɗata. Washegari ya kira Ghali ya ba shi rigar manya.

Ba zan ce miki raina fes yake ba. Yaron gidan nan bai biyo mu a mota ba ran nan, da ƙafa ya fita ya nemi tasi. Tun daga lokacin in na zauna cin abinci sai ya ce ya ƙoshi. Khairiyya ma ta rage magana, tana ajiye mini shayi ta juya. Amma ƙuruciya ce, zai huce. Mu da aka ce mana fiye da haka a gaban baƙi, ga mu mun girma ba abin da ya ragu a jikinmu.

Kin tambayi wasansa. Yana taɓawa.

Ki yi wa Malam albishir, ki ce haƙoran suna nan cif.

Abdulwahid


Shifa, Riyad
Tsakiyar Disamba

Maimunatu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Na ga alamar kin buɗe saƙona tun ranar da na tura, amma shiru. Na kira Malam ya ce kowa lafiya, Kawu har yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ke kuma kina kicin. Na san kicin ɗin nan, ba ya riƙe ki in kina son magana.

In kina ganin alfarma na yi wa ɗanki, har abin ya zame miki nauyi, ki sauke wannan daga ranki. Bai nema ba, ban kuma gaya wa kowa ke kika sa ni ba.

Ni ne dai ba na jin daɗin kwanakin nan. Na zaci yaron gidan nan zai yi fushi ya daina zuwa fili, da hakan ya fi mini sauƙi. Bai daina ba. Kullum yana riga ni isa. Shi ke tsayawa gaban Ghali a tsalle, yana nuna masa inda zai sa gwiwa da yadda zai karkata tafin hannu ƙwallon ya faɗa inda ake so. In sun gama ya ɗebo wa manya ruwa. Ni kuma ina tsakiya da ƙwallo a hannu, ba ya duban fuskata, hannuna kawai yake kallo. Turawan da da suke tsokanata in na shigo, yanzu gaisuwa ce a taƙaice.

Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci mu biyu a mota, muka tsaya a danja. Da Larabci yake mini magana tun yana yaro, na sha faɗa har na gaji. Ran nan sai ya yi Hausa, yana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

“Baba, tun ina ƙarami kai kake cilla mini. In ba ni da amfani, me ya sa ba ka faɗa mini a gida ba?”

Danja ta ba mu hannu, na baya suka cika mu da hon. Na ja mota. Har muka iso Shifa, duk amsar da na lalubo sai na ga sai na yabe shi a gaban idonsa, bakina kuma ya ƙi. Da muka tsaya ya fita ya buɗe mini ƙofar gida, ya jira na shiga, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Na gaya wa Khairiyya. Ita da ba ta taɓa sa baki a lamarinsa ba, don ita ma kunyar take yi, ta ce mini a Funtuwa aka yanke cibiyata, shi kuwa a asibitin Riyad aka yanke tasa. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Kunya nake ji, Maimunatu, ban kuma san ta wa nake ji ba. Ki yi magana, ko zagi ne.

Abdulwahid


Funtuwa
Ƙarshen Disamba

Audu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba na gaishe ka. Ina fata jikin Khairiyya da sauƙi. Yau ba wasa a bakina.

Ranar da albishirinka ya zo na yi guɗa, na dafa shinkafa na raba a layi, mata suka yi ta shigowa barka. Ƙarshen takardar ban ma karanta da kyau ba, idona ya tsaya kan Dubai. Ana cikin haka Ghali ya kira. Na ɗauka murna za mu yi, sai na ji muryarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na shiga ɗaki na rufe, mata na tsakar gida suna cin shinkafata.

Ya ce mini Umma, ba ni na ci ba. Ya ce a wasan gwajin ya fi taɓa ƙwallon, amma duk inda ya doka abokan hamayya ke ɗauka, shi kuwa Ridwan in ya taɓa sau ɗaya kamar da hannu ya miƙa wa nasa. Ya ce kowa a filin ya san haka, har yaran Turawan. Ya ce rigar tana cikin leda a ɗakin kwanansu na makaranta, ya kasa sa ta. In ya zo gidanka Khairiyya ta zuba masa abinci, sai ya ji kamar na Ridwan yake ci. Ya roƙe ni kada in gaya maka, shi ya sa na yi shiru, ina juya abin. Na fita na sallami matan ina murmushin dole, har yau Zouera na tambayata ranar tafiya ina kauda kai.

Ka ce ka tuna maganata ta amana. Koma ka karanta. Haƙora na ce da gwiwoyi. Ban ce ka ƙwato abin wani ka ba shi ba, balle abin ɗan'uwansa. Har kana cewa ba ka gaya wa kowa ni na sa ka ba. Yaushe na sa ka?

Ba na ce ban gane ba. A nan in uba ya ce ɗansa ba shi da amfani, duk wanda ke wurin ya san nufinsa, wani dattijo zai ce a'a Malam, yaron nan ai ya fi ka, a yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai yana jin daɗi a ransa. Da mutane ake yin abin nan, su ke mayar wa yaro abin da ubansa ya ƙi faɗa. Kai wa ka bar wa wannan aikin a filin? Baturen? Ko shi yaron da ka bari ya tashi da Larabci, bai taɓa zama ya ga yadda kakansa ke yi da kai ba? Ya ji ubansa ya faɗi magana a gaban mutanen da yake ganin girmansu, ya ɗauke ta yadda aka faɗe ta.

Ka kare taka kunyar, ka ɗora wa yara biyu wadda ta fi ta nauyi, ni ma ka shafa mini. Ka je wurin Baturen nan ka faɗi abin da idonka ya gani. In sai ka kama sunan za a gane, ka kama, ba wanda ya taɓa mutuwa don haka. Ghali ba zai ji haushi ba, shi ya fi kowa so.

Kada ka rubuto sai ka je.

Maimunatu


Shifa, Riyad
Watan Janairu

Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gai da Kawu. Khairiyya ta kwanta kwana biyu, jinin ya hau, amma ta tashi. Ghali lafiyarsa lau.

Na je. Na samu Abu Lina a gefen fili yana hura ƙwallaye, na ce ina da magana. Na yi ta kewaye-kewaye, yaron nan, wancan yaron, har ya ce wanne daga ciki? Na ce Ridwan. Tun ranar suna ban ji kalmar a bakina ba.

Daga nan kuma sai na kasa tsayawa. Na ce masa Ghali ya fi tsawo, nan da shekara biyu in ya yi ƙwari wataƙila ba mai kama shi. Amma yau, Ridwan ne. Kafin ƙwallo ya bar hannuna ya riga ya duba inda gajerunsa suke tsaye. Yana bugawa da dama yana bugawa da hagu. In ya ga abokin tsallensa ya fi shi tsawo ba ya gasa da shi a sama, sai ya riga shi kama wuri ya tokare shi da ƙugu. In ƙwallo ya faɗi ƙasa ba ya tsayawa kallo kamar sauran dogaye, yana cikin masu wawaso. Ƙarshen wasa, lokacin da kowa ya dafa gwiwa, shi yake gudu. Zuciya gare shi, wannan gaskiya ne, amma ban taɓa ganin ya kai hannu ba. Na gaya masa har yadda yake yaro yana jirana in gama yankan ciyawa, rungume da ƙwallon da ya fi kansa girma.

Baturen ya ajiye famfon ya ce duk ya san wannan. Ya ce tun kafin wasan gwaji ya riga ya zaɓi Ridwan. Ya tambaye ni a gaban jama'a ne don in samu daɗin faɗa da bakina, a ƙasarsu babu abin da uba ke so kamar wannan. Da ya ji abin da na ce, sai ya ɗauka akwai wani abu a gida da na sani shi bai sani ba, ko shaye-shaye ko wani mugun hali, ya ga ba zai ƙetara da yaro wata ƙasa ba alhali ubansa ma bai yarda da shi ba. Maimunatu, ashe tun ran nan da wannan idon yake kallon yarona. Na so in yi masa bayanin ɗan fari, na fara, na ga yana kallona da tausayi, na bari.

Ya ce a gaban jama'a na ɓata, a gaban jama'a zan gyara. Juma'a bayan atisaye na tsaya inda na tsaya wancan karon, na maimaita duk abin da na gaya masa, da sunan da komai. Gumi nake yi cikin sanyin nan. Ghali ya zo da rigar a ledarta, ina rufe baki ya tashi ya ajiye ta gaban ɗan'uwansa. Wasu suka fara tafi.

Ridwan bai taɓa ledar ba. Ya miƙe ya ce wa Abu Lina da Turanci, a natse, mahaifinsa mutumin kirki ne, ba ya son ɓata wa kowa. Wancan karon ya faɗi abin da zai faranta wa baƙonsa, yau ya faɗi abin da zai faranta wa gwaggo, don ya san an yi waya. Ya ce shi bai san wanne zai ɗauka ba, kuma ba zai sa rigar da aka cire daga jikin ɗan'uwansa ba. Ya ce a bar Ghali ya tafi Dubai. Sannan ya juyo gare ni, ya yi Hausa.

“Na ji, Baba. Amma ƙasa kake kallo.”

Gaskiya ya faɗa. Tun da na fara har na gama, takalmin Abu Lina nake kallo.

A gida na yi niyyar in kira shi in faɗa masa mu biyu. Na je ƙofar ɗakinsa na tsaya, na ƙare da tambayarsa ko ya ga makullin mota. Ya miƙo mini da hannu biyu. Cikin makon ya samu aiki a kasuwar Aziziya wurin wani Bachir, mutumin Maraɗi mai sarin tumatir, yana sauke kwalaye. Ya zaɓi safiyar Juma'a da kansa, Bachir ɗin ya gaya mini, wai ya ce ba shi da abin yi a lokacin. Takalman wasansa na gani a bakin ƙofa cikin kayan da Khairiyya ke tarawa na sadaka, ban san wanda ya sa su ba, ban kuma tambaya ba.

Jiya aka yi atisaye. Abu Lina ya kira Ghali tsakiyar fili, ya duba cikin matasa babu wanda ya kai ya tsaya gabansa, ya ce in cilla haka nan ya saba da tashi. Na shiga tsakiya. Ghali yana damana, hagu ba kowa. Na cilla yadda na saba, ya tafi sama sosai, ya miƙe. Ghali bai tashi ba. Ya tsaya hannuwansa a sake yana kallona, ƙwallon ya sauko tsakaninmu ya daki ƙasa ya yi gefe. Gajerun da ke jira ba wanda ya bi shi. Ni na je na ɗauko.

Ki gai da Malam da yara. Kawu kuma kada ki gaya masa.

Ɗan'uwanki,
Abdulwahid